Murfin Kwalba

Wata uku ina tara canji a gwangwanin madara
saboda wannan Asabar ɗin.
Lantana ta soya dankali tun asuba,
ta cika jaka kamar mai barin gari:
kunzugu huɗu, fulas na kunu, zanen goyo,
rigar canji,
da wata rigar ko ta canjin ta ɓaci.

Daga Tudun Jukun muka tari napep.
Jazuli a gefen direba yana ƙirga lilon da zai hau.
Walida, wata goma sha tara a duniya,
tana kan cinyata tana tsotsar igiyar jaka.

A ƙofa mai tikiti ya dube ta, ya dube ni.
"Ta fara tafiya?"
Ina laluben amsar da ba ƙarya ba, ba kuma gaskiya ba,
ta zame daga hannuna,
ta yi masa taku biyar, har da juyi.
Na biya.

Wani ya taho cikin rigar zomo,
kunne ɗaya a tsaye, ɗaya ya karye,
ya miƙo mata hannu.
Ihun da ta tsandara na tabbata an ji shi a Kwangila.
Daga cikin kan zomon wata murya ta ce,
"Yi haƙuri 'yan mata, ni ma ba daɗi nake ji ba."

Na sa ta a ƙaramin jirgi, ta banƙare.
Na sa ta a agwagwar roba, ta ƙanƙame wuyana.
Na sayo balan-balan ja, ta sake shi,
muka bi shi da ido ni kaɗai da aljihuna.

Sai janareta ya yi tari sau biyu ya mutu.
Babban lilo ya tsaya cak,
Jazuli a can ƙololuwa yana ɗaga hannu:
"Baba, ina hango Kufena!"
Uwarsa a ƙasa tana jero duk addu'ar da ta sani.
Kiɗa ya ɗauke.
Na duba gefen ƙafata,
ba Walida.

Ban san iya daƙiƙun ba.
Na san dai harshena ya bushe,
na ga kowace yarinya a filin sanye da rigarta.

Bayan teburin mai gugguru,
inda famfo ke ɗiga cikin tsagar siminti,
can na same ta a tsugune.
Ƙadangare jan gwada na kan bulo yana gyaɗa mata kai,
ita ma tana gyaɗa masa.
Ya ƙara, ta ƙara.
Sai ta ƙyalƙyale,
dariyar farko tun da muka baro gida,
haƙora takwas duk a waje.

Na tattare babbar rigata na tsuguna.
An tada inji, an sauko da Jazuli,
kiɗa ya dawo, zomo ya wuce mu sau biyu,
mu muna nan muna gaisawa da ƙadangare,
irin waɗanda suka cika katangar gidanmu
ba tikiti.

Mun dawo gab da magariba, takalmi ɗaya ya ɓata.
Hoto goma sha huɗu a wayata,
babu wanda ya kama fuskarta:
ƙeya, ƙeya, kunne, ƙeya.

Da dare na zo gyara mata kwanciya,
hannun dama a dunƙule.
Na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya:
murfin kwalbar lemo, ya lotse, da ƙasa a ciki.
Lantana ta leƙo ta ce,
"To, ga abin da kuɗin wata uku suka sayo."

Na goge shi da bakin riga,
na jefa a gwangwanin madara.
Ya yi ƙara irin ta kuɗi.